Idon da Na Rubuta

Litinin, 20 ga Oktoba

Takardu arba'in da ɗaya muka tura wa kamfanonin inshora makon jiya, yau biyu suka dawo. Duka biyun na Rediyo ne, maƙwabciyar teburina, wadda bakinta ba ya hutawa daga shigowa har tashi. A ɗaya ta manta ranar haihuwar mara lafiya, a ɗaya ta sa lambar izinin da ta mutu tun watan jiya. Na zagaye mata su da jan biro, na ajiye a kan kwamfutarta. Ta ce, "Ke dai Jan Biro, ko takardar haihuwarki aka miƙo miki sai kin samo mata aibu." Na ce ai da na samo da an gyara.

Jiya wani abokin Abban yara ya gwale mini idonsa a falo wai in duba masa, tunda a asibitin ido nake aiki. Shekara goma sha ɗaya ina bayani ɗaya: likitoci suna ƙasa suna cire yana, ni ina saman bene ina bin kamfani ya biya. Kafin a taɓa idon mutum ni ke neman izini su ba da lamba, bayan an gama ni ke tura takardar neman kuɗi. Ban san fuskar kowa ba, lambar fayil na sani, kuma haka ya fi mini kwanciyar hankali.

Firinta ta sake cin takarda. Na nemi izini shida na tiyatar watan gobe.

Alhamis, 23 ga Oktoba

Biyar sun fito. Na shida, fayil 2217, cire yanar idon hagu, sun ƙi. Wai an riga an yi wa wannan idon aiki a Disambar bara, kuma sau ɗaya ake cire wa ido yana.

Na sa an hawo mini da katinsa daga ƙasa. Dama aka yi bara, ga rubutun Sista mai kula da ɗakin tiyata ɓaro-ɓaro. Na kira kamfanin. Minti ashirin da biyu ina shan kiɗan jira kafin Mai Mura ta ɗauka. Haka nake kiranta, don kullum muryarta kamar hanci a toshe. Shekara shida muna waya, ban taɓa ganinta ba. Na ce su gyara kwamfutarsu. Ta ce, "Malama, abin da aka turo mana shi muka shigar." Na ce to wanda ya shigar ya nemi tabarau, muna sayarwa a ƙasa. Maganar ta yi mini daɗi har na maimaita wa Rediyo sau biyu.

Juma'a, 24 ga Oktoba

2217 ya hawo bene da kansa. Ba a cika barinsu su hawo ba. Dattijo ne dogo, da rigar aiki ruwan toka wadda guga ya kwantar da ita, yana karkata kai gefe don ya kalle ni da ido ɗaya. Direban bas ɗin ma'aikatan wata masana'anta ne, shekara talatin da ɗaya yana jan su safe da yamma.

Ranar 30 ga Nuwamba zai yi ritaya, kuma a ranar inshorarsa za ta mutu. Wata makaranta ta yi masa alkawarin tuƙin motar yara daga Janairu, amma sai ya sabunta lasin, lasin kuma sai an gwada idanu biyu. Idan ba a yi hagun kafin ƙarshen Nuwamba ba, daga aljihunsa zai biya. Na san kuɗin, albashina ne na wata huɗu cur. Nasa ban tambaya ba.

Ya ce, "'Yata, sun kira ni a waya wai hagu aka yi mini. Na ce musu, to wa ya share mini na dama?"

Na ce, "Baba, kwantar da hankalinka. Kuskurensu ne, halinsu ke nan. Ni zan sa su gyara."

Ya yi ta sa mini albarka har bakin matakala. Rediyo ta ce ashe ina da haƙoran murmushi.

Litinin, 27 ga Oktoba

Na shiga sito neman kwafin takardar bara, don in tura wa Mai Mura in rufe mata baki. Kwalin Disamba yana can ƙasa, sai da na ɗaga uku.

Na samu. Akwati biyu ne a kan takardar, dama da hagu. Alamar tana cikin hagu. Sa hannuna ne a ƙasa.

Na zauna a kan kwali na yi ta kallonta. Na tuna ranar, 19 ga Disamba, ana rufe lissafin shekara, fayil sittin a gabana. Likita bai rubuta ɓangaren ba a taƙaitaccen bayaninsa, zane kawai ya yi. Takardarsa tana da da'ira biyu, kamar fuskar mutum tana kallonka, saboda haka idon dama na mara lafiya yana hannun hagu na takarda. Wannan shi ne abu na farko da nake koya wa duk wanda aka kawo ɗakin nan. Ni na koya wa Rediyo, har da ɗaga mata murya. A ranar na ga zanen a hagun takarda, na yi kasalar sauka in tambayi Sista, na sa alama na wuce.

Na mayar da kwalin inda yake. Takardar tana cikin jakata.

Talata, 28 ga Oktoba

Ban kira su ba. Na ce wa Rediyo layinsu ba ya shiga.

Laraba, 29 ga Oktoba

Na karanta yarjejeniyarmu da kamfanin, duk da na haddace ta. Gyaran takarda cikin kwana ɗari da tamanin ake yinsa. Yau kwana ɗari uku da goma sha huɗu. Wanda ya wuce wa'adi sai asibiti ya mayar da kuɗin gaba ɗaya, sabuwar takardar kuma a ce ta makara, ba za a biya ba. Sannan su yi bincike na kwanakin aiki ashirin da ɗaya kafin su taɓa wani izini na mutumin.

Shekara uku da suka wuce ni na kwashi takardun wani abokin aikinmu na kai wa Manaja, aka sallame shi. Nasa bai kai wannan ba.

A gida na zuba gishiri sau biyu a miya. Abban yara ya ci, sai da ya ture kwano ya ce, "Lafiya dai? Yau ba ki ba mu labarin kuskuren kowa ba." Yaran suka kwashe da dariya. Na ce kaina ke ciwo.

Juma'a, 31 ga Oktoba

Dabara ta zo mini a cikin cunkoson motoci, daidai shataletalen nan da ba ya motsi.

A littafin kamfani hagu an yi, dama ba a yi ba. To idan na nemi izinin dama, kwana biyu za su ba ni. A ƙasa kuma a yi masa hagu, wanda shi ne ke buƙata. A ƙarshe ido biyu, biya biyu, ba wanda aka ci wa ko sisi. Baba ya samu idonsa a kan lokaci, asibiti bai mayar da komai ba, takardar da ke jakata ta koma kwalinta. Abin da ya rage kawai in raɗa wa Sista a kunne kafin ranar.

Na juya shi ta kowace fuska ban ga wanda zai cutu ba. Har na ji ina yaba wa kaina.

Litinin, 3 ga Nuwamba

Na tura. Fayil 2217, ido: dama.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Lamba ta fito ƙarfe goma. Na sa shi a jerin tiyatar Asabar, 8 ga wata, na goma sha huɗu cikin ashirin da biyu.

Na kira wayarsa, babbar 'yarsa ta ɗauka. Ta yi murna, sannan ta rage murya. "Anti, don Allah wanne aka yi masa bara? Kamfani sun ce hagu, shi ya kafe a kan dama. Ni lokacin ba na gari. Kwanakin nan tsoro muke ji ko mantuwa ce ta fara kama shi."

Na ce, "Ku dai kawo shi Juma'a a auna jini, Asabar a yi aiki." Na kashe wayar da sauri kamar akwai wanda ke jira na.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Rediyo tana ta yaɗawa a ofis wai Jan Biro ta murƙushe kamfani cikin sati biyu. Manaja ya leƙo ya ce, "Aikinki na kyau, Malama." An gyara firinta. An yi ruwa da yamma, titinmu ya cika, na cire takalmi na tsallaka. Rana ce mai lafiya, ban san abin da ya hana ni cin abincin rana ba.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Zan rubuta shi yadda ya faru, ba tare da kwaskwarima ba.

Ƙarfe sha ɗaya na sauka don in raɗa wa Sista. Rabona da ɗakin shirya marasa lafiya na manta. Kujeru takwas a jere, warin maganin goge hannu, tire cike da ƙananan kwalabe. Na tarar tana rubuta wa wata bayani a doguwar takarda. Ashe gobe ba ta nan, mahaifiyarta ba lafiya, yau da yamma za ta tafi. Wata nas za a aro daga wani asibiti. Mai tiyatar Asabar kuma da ma baƙo ne, yana zuwa ya yi ashirin ya tafi, bai san fuskar kowa ba.

Na tambaye ta, kamar hira, yadda baƙuwar za ta san idon da za a yi.

Ta ce, "Ke da kike buga mana jerin? Daga takardar izininki yake fitowa. Ta karanta, ta tambayi mai ido, ta sa masa alama a saman gira, ta fara ɗiga magani. In takarda da bakin mai ido suka zo ɗaya, shi ke nan."

Na ce a raina to da sauƙi, Baba zai ce hagu, za a tsaya a duba kati.

Yana nan a kujera ta uku, an naɗe masa hannun riga ana auna jini. Ya gan ni ya washe baki. Sista ta tsokane shi, "Baba Direba, gobe wane ido za mu wanke?"

Ya ɗaga hannu zai nuna hagu. Hannun ya tsaya a hanya. Ya mayar da shi kan gwiwa.

"Duk wanda takarda ta ce, 'yata. Ni na daina musu. Yara sun ce tsufa ne."

Sista ta yi dariya, ta ɗauka wasa yake. Ni kuwa na gane da gaske yake. Na san mai tiyata zai iya ganewa idan ya leƙa da na'ura, tunda akwai ɗan gilashin da aka dasa a idon dama. Zai iya. Bayan an ɗiga magani, an yi allura, an rufe fuska da ƙyalle, mutum na goma sha huɗu, hannu ya gaji. Idon da yake tuƙi da shi ke nan, shi kaɗai gare shi.

Na hau sama na cire shi daga jerin. Na ɗauki takardu biyu, ta bara da ta Litinin, na ƙwanƙwasa wa Manaja. Na roƙa a kira Likita.

Manaja ya karanta sau biyu. Ya cire tabarau ya ce, "Ta farko kuskure ne. Ta biyun fa, Malama?"

Na ce, "Ta biyun ina sane na yi ta, Yallaɓai."

Likita ya daɗe yana kallon zanensa. Ya ce shi ma bai rubuta ɓangaren ba, wannan nasa ne. Sannan ya ce, "Amma da kin sauko kin tambaya, minti biyu ne." Bai ɗaga murya ba, na so a ce ya ɗaga.

Manaja ya jawo kalanda ya ƙirga da bakin biro. Kamfani na buƙatar kwanakin aiki ashirin da ɗaya. Goma sha biyar suka rage.

Asabar, 8 ga Nuwamba

Na yi wanki, har da labulen da ba su yi datti ba.

Lahadi, 9 ga Nuwamba

Na gaya wa Abban yara komai, muna tsaye a kicin. Na shirya jin maganar albashi da kuɗin makaranta. Ya goge hannu ya ce, "To yanzu idon bawan Allahn nan fa?" Sai a lokacin na yi kuka.

Litinin, 10 ga Nuwamba

Da safe na rubuta wa kamfani: na janye izinin dama, na bayyana kuskuren bara, na roƙi a gaggauta. Manaja ya sa hannu bai dube ni ba.

Da rana Baba ya zo da 'yarsa, don jin dalilin da ya sa aka fasa. Manaja ya ce a ce musu matsalar takardu ce. Na ce ni zan yi musu bayani. Na kai su ƙaramin ɗakin awo na rufe ƙofa.

Na ce, "Baba, dama aka yi maka bara. Ba ka manta komai ba. Ni na rubuta hagu." Na faɗi sauran ma, har da takardar Litinin ɗin makon jiya.

Ya cire hularsa ya ɗora a gwiwa. Sannan ya ce, "Yaushe kika sani?"

"Sati biyu ke nan."

"Sati biyu." Ya jinjina kai. "Ni kuwa ina tsayawa gaban madubi, in rufe wannan in buɗe wancan, ina tambayar kaina. Har a kan hanya na fara shakkar kwanar da na sha shekara talatin ina sha."

'Yarsa ta durƙusa a gabansa tana cewa ya yafe musu. Ni ta yi mini kallo ɗaya, ya ishe ni. Bai zage ni ba. Ya tashi ya sa hularsa, ya ce Allah ya kyauta. Wannan karon ba albarka.

Laraba, 12 ga Nuwamba

Minti talatin da biyar na kiɗa. Da Mai Mura ta ɗauka na fara da ba ta haƙuri a kan maganar tabarau. Ta yi wata dariya mai haɗe da tari. Ta ce, "Ai tun ranar takardar tana gabana da sa hannunki. Na ga kin hau sama sosai, na ce bari ki sauko da kanki."

Ta ce hanya ɗaya ce ta rage kwanakin: likitan kamfani ya duba mutumin da idonsa. Laraba kawai yake zama, kuma layi ya cika har Disamba. Na ji tana buga madannai. Ta ce wani ya fasa ranar 19, ta sa Baba a gurbin. Ko da gaske wani ya fasa, ban tambaya ba.

Juma'a, 14 ga Nuwamba

Takardar gargaɗi, ta ƙarshe in ji ta. Asibiti ya mayar da kuɗin bara. Likita ya ce a raba asarar biyu da shi, saboda haka kashi ɗaya cikin huɗu na albashina zai riƙa tafiya har wata takwas. Ba a kore ni ba. Daga yau duk takardar da na cika sai wani ya duba ya sa hannu na biyu, kuma wanin nan Rediyo ce.

Na zaci za ta rama. Na miƙa mata fayil bakwai ina jiran waƙa. Ta duba su ɗaya bayan ɗaya da fensir, ta sa hannu, ta turo mini rabin lemonta. Yau Rediyo ba ta kama tasha ba sam, kuma shirun ya fi surutun nauyi.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Na ɗauki hutun da ba biya na raka shi, don 'yarsa tana wurin aiki. A tasi ya zauna gaba, ni a baya. Bai yi mini magana ba, amma direban ya sha karatu: ka cika taka birki, ka ba mai keken nan hanya, wa ya koya maka canza giya a kan kwana. Direban ya ce, "Baba, ko in sauka ka karɓa?" Ya ce, "Jira ni zuwa Janairu."

Ofishin kamfanin hawa na huɗu ne, kujeru masu sanyi, lamba a hannu. Awa biyu muna jira, duba minti biyu. Likitan ya haska fitila a dama, ya haska a hagu, ya ce, "Dama an yi. Hagu ba a taɓa shi ba."

Baba ya ce, "Likita, sake faɗa."

Ya sake. Baba ya gyara zama.

Da za mu fita wata 'yar ƙaramar mace ta ɗago mini hannu daga bayan gilashi, ta ce sannu da muryar nan mai kamar hanci a toshe. Tabarau biyu gare ta, ɗaya a hanci ɗaya rataye a wuya. Kunya ta kusa nutsar da ni.

Litinin, 24 ga Nuwamba

Rahoton likitan ya shiga. Saura sa hannun wani shugaban sashe. Yana taro.

Laraba, 26 ga Nuwamba

Har yanzu yana taro. Na kira sau huɗu, na haddace kiɗan har ina rera shi a banɗaki ban sani ba.

Asabar, 29 ga wata, ita ce tiyata ta ƙarshe kafin inshorar ta mutu. Na roƙi Manaja a yi masa ko lamba ba ta fito ba. Ya ce, "Malama, ke kika kafa dokar nan a asibitin nan: ba lamba, ba tiyata." Gaskiya ne, ni na kafa ta, har na manna a bango.

Da na tashi na biya ta wurin masu gwal aka auna mini sarƙa da 'yan kunne. Ba su kai rabin kuɗin tiyatar ba. Na mayar da su jaka.

Alhamis, 27 ga Nuwamba

Shiru. Sista ta dawo, mahaifiyarta da sauƙi. Ta bar gurbi ɗaya a jerin Asabar ba suna.

Juma'a, 28 ga Nuwamba

Suna rufewa ƙarfe huɗu. Uku da rabi ina zaune hannuna a kan waya, ba na ko iya buɗe fayil. Huɗu saura ashirin wayar ta yi ƙara, su suka kira, abin da bai taɓa faruwa ba cikin shekara shida.

Mai Mura ta ce ta tare shugaban sashen a bakin lif da takarda da biro. Ta karanto mini lambar, na rubuta, na maimaita mata. Ta ce, "Wane ido?" Na ce hagu. Ta ce, "Kin tabbata?" Muka yi dariya mu biyu, tawa da hawaye.

Rediyo ta duba, ta sa hannu, sannan bakinta ya buɗe kamar an mayar da wuta. Na kai wa Sista jerin da hannuna.

Asabar, 29 ga Nuwamba

Ba na aiki Asabar, amma na zo. Na tsaya daga bakin ƙofa. Sista ta ce, "Baba Direba, wane ido?" Ya ɗora yatsa a kan gira ya ce, "Hagu!" har na kujerar ƙarshe ya firgita.

Goma da minti ashirin aka fito da shi da bandeji. Mai tiyata ya ce lafiya lau.

'Yarsa ta same ni a baranda. Ta ce yayyenta maza biyu da ke nesa har yanzu ba su yarda ba, suna cewa a karɓe masa mukullin mota, wai asibiti ne ke lallashin tsoho. Baba yana son a rubuta masa abin da ya faru, ya tura musu. Na ce Manaja ba zai yarda a sa a takardar asibiti ba. Ta ce, "Bai ce ta asibiti ba, Anti. Taki ya ce."

Talata, 2 ga Disamba

Sau huɗu ina rubutawa ina yagewa. Uku na farko duk bayanin cunkoson aikin Disamba ne da zanen Likita, shafi guda kafin in iso kaina. Ta huɗu layi tara ce. Na buga ta da manyan baƙaƙe saboda idon bai gama warkewa ba.

Litinin, 8 ga Disamba

Takardu talatin da takwas, ba wadda ta dawo. Albashin Nuwamba ya shigo da giɓinsa, mun zauna da Abban yara mun soke abubuwa uku, ba wanda zai mutu.

Baba ya zo duba na bayan mako. An cire komai. Sista ta ce ya karanta allo har layi na biyun ƙarshe, ya wuce abin da masu lasin ke nema. Na sauka da ambulan, niyyata in miƙa in juya.

Ɗakin jira a cike yake, mutum ya fi ashirin, Manaja yana tsaye wurin kanta yana magana da mai karɓar kati. Baba ya karɓa, bai sa a aljihu ba. Ya farke ambulan a nan, ya rufe idon dama da tafin hannu, ya miƙar da takardar nesa da fuska, ya fara karantawa da ƙarfi, a hankali, kamar mai bin hanya da lodi.

"Ni ce ma'aikaciyar da ke cika takardun inshora. Mahaifinku bai manta komai ba. Idon dama aka yi masa bara, kamar yadda ya faɗa muku tun farko. Ni na rubuta hagu."

Kawuna suka juyo. Matakala tana bayana, taku uku. Talabijin na bango yana ta tallar sabulu, muryar Baba tana nutsewa a ciki, yana ƙara ɗagawa har jijiyar wuyansa ta fito. Layin da ke tafe shi ne na sati biyun da na yi shiru, na san shi sarai.

Na miƙa hannu na kashe talabijin.

Ya karanta har ƙasa, har sunana, bai yi tuntuɓe ko a layi ɗaya ba. Ya ninke takardar gida huɗu, ya sa a aljihun ƙirji, ya dube ni da idanu biyu ya ce, "Ya fito tar, 'yata."

Akwatin talabijin ɗin nan da ma ya cika ƙara, tuni ya kamata wani ya yi magana.